Zulkiflu, Wanda Kafaɗunsa Suka Shige Bakin Tukunya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 13 ga Disamba, 2022, Allah Ya karɓi ran yayana kuma abokina Zulkiflu Zariya a wani asibiti a nan Doha. Washegari muka kai shi makwancinsa a maƙabartar Mesaimeer. Gari na ta hidimar gasar ƙwallon ƙafa ta duniya, mu da muka sallace shi ko sahu biyu ba mu cika ba.

Yaya Zulkiflu, ni ne Muttaka, maigadin da ke tsayawa a bakin matakalar tsohon jirgin ruwan nan da aka mayar masaukin 'yan kallo. Baƙi suna sama suna ɗaukar hoto, kai kana can ƙasa wajen tukwanen tururi, waɗanda a da su ke tura jirgin ya ƙetare teku, yanzu kuma sai dafa ruwan wanka. Ka so tukwanen nan so na ban mamaki. Tsofaffina kake ce musu. In ka fara labarin yadda wuta ke mai da ruwa tururi, tururi ya juya ƙarfe, sai mutum ya nemi hanyar gudu. A jikin bututunsu kake dafa mana shayi mai citta, nan kuma kake shanya mini riga in gumi ya jiƙa ta.

Ban manta lokacin korona ba, da aka kulle mu a sansanin Umm Salal. Da ta kama ni kowa ya ja da baya, kai ne ka riƙa miƙo mini kunu ta taga har ita ma ta kama ka. Ka tashi, amma ka rame ƙwarai, numfashinka bai koma daidai ba. A wannan kullen aka haifa maka Na'ima a can gida Zariya. Tun daga nan burinka ɗaya ne, ka je ka ɗauke ta da hannunka. Duk sanda ka nemi hutu sai kafil, wato ubangidan da ya ɗauke mu aiki, ya ce a bari a gama gasa.

Ramar nan ita ta jawo maka. Cikin tukunya ba ya wankuwa sai mutum ya shiga ta wata 'yar ƙofa, kuma duk cikin ma'aikata kafaɗunka kaɗai ke shigewa. Foman, shugabanmu a wurin aiki, har murna yake, wai ciwo ya yi wa kamfani gyara. Ƙa'ida ita ce a kashe wuta a bar tukunya ta huce sarai. Ranar da baƙi suka yi ƙorafin ruwa ba zafi, bai jira ba.

"Ba ta huce ba," ka ce masa.

"Yalla, maza shiga! In ka gama wannan, khalas, shi ke nan, zan sa baki a ba ka hutu."

Ka shiga saboda Na'ima. Da ƙafa aka jawo ka, bakinka cike da baƙar toka. Kafin motar asibiti ta iso, foman ya sa an rufe ƙofar an kunna wuta. Ban yafe masa ba, kuma ba na jin zan yafe. Shekaranjiya na gan shi yana zagaya Surajo, direban nan siriri, yana ƙare wa kafaɗunsa kallo.

Ya Allah Ka jiƙan Zulkiflu, Ka sanyaya masa kabarinsa, Ka yalwata masa shi, Ka sa wahalar da ya sha ta zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa, da 'yan'uwansa na Zariya, da matarsa Haulat. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya Na'ima. Haulat ta ce mini har yanzu in waya ta yi ƙara yarinyar na rugowa tana kiran Baba, uwar kuma ta tambaye ni me za ta ce mata. Wallahi ban sani ba.