Kwandon Shamuwa a Kan Tsamiyar Kaka

Akwai wani ƙarni da ba wanda zai ce yana kewarsa sai irina, wato ƙarnin kashin shamuwa idan ruwan farko ya jiƙa shi. Kwanan baya motarmu ta tsaya a Achida direba yana ƙara wa taya iska, na fito na raɓe a gindin wata bishiya, sai ƙarnin nan ya bugi hancina. Matar da ke gefena ta toshe hanci da mayafi tana tsaki. Ni kuwa na tsaya ina shaƙa sai ka ce turaren wuta aka sa mini. Na san ta ɗauka da abin da ke damuna.

A Wurno na tashi. A bayan gidanmu akwai garka, ta kakata ce, mahaifiyar babana. Rama, yakuwa, kuɓewa, ɗan lalle a jikin danga, sai tsamiya ɗaya a kusurwa wadda babban reshenta ya miƙo har cikin gida. Kaka ba ta kiwon kaji, ba ta kiwon tattabaru. Tsuntsayenta na Allah ne. Fasassun tukwane uku ta jera a gindin tsamiyar, kullum da safe a cika su da ruwa, a watsa tsakin gero a gefe. Idan bazara ta kama, ƙasa ta yi zafin da ba ka iya taka ta ba takalmi, za ka ga tsada da gwara da kurciya sun sauko baki buɗe, suna sha suna ɗaga kai. Ko wuni za ta yi tana kallonsu ba ta gajiya, kuma duk yaron da aka kama da danƙo a garkar nan, ranar sai ya gwammace bai fito ba.

Amma babbar baƙuwarta shamuwa ce, baƙar tsuntsuwar nan mai farin ciki da dogayen ƙafafu, wadda ba ta zuwa sai damina ta ƙarato. Mutanenmu ba sa taɓa ta. Ganinta ne ke sa manomi ya fito da iri ya duba. Duk shekara a kan reshen nan da ya shigo gida take sheƙa, domin tun kafin a haife ni kaka ta sa aka ɗaura mata tsohon kwando a wurin, ita kuma ta yi ta jibga ƙirare a kai. Sai dai fa shamuwa ba ta san tsabta ba. Ta yi wa tsakar gida farin fenti, ta yar da matattun kwaɗi, wari ya hana mutum cin tuwo a waje. Mahaifiyata ta sha shara har ta gode Allah.

Ina da shekara tara yanar ido ta rufe idanun kaka. Daga nan na zama idonta. Ni ke jan hannunta zuwa garka, in shimfiɗa mata tabarma, in riƙa faɗa mata wa ya sauko. Idan na ce kurciya biyu, sai ta ce, "Ƙarya kike, ƙawata, ukku na. Ga guda can bisa danga." In duba, in gan ta kuwa.

A shekarar ne babana ya rufa ɗakinsa da kwano, bayan damina uku yana fama da yoyo. Kwano sabo fil, yana ƙyalli, daidai ƙarƙashin reshen shamuwa. Da rani kaka ta tafi Goronyo wajen gwaggona da ta haihu, za ta yi wata guda. Kwana biyu da tafiyarta baba ya kafa tsani ya hau da gatari. Reshen ya faɗo da sheƙa da kwando da komai. Da yamma ya tara mu ya ce, "Kar wanda ya gaya ma Inna. Ba gani takai ba, mi za a tada mata hankali?" Kowa ya ce to. Ni ma na ce to, kuma har yau ina jin kunyar wannan to ɗin.

Kada ka ɗauki babana mugu, mai karatu. Mutum ne mai tausayi, kuma da gaske yana ganin sauƙi yake nema mata. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, shi ɗan farinta ne. Kaka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallonsa ta yi masa magana. In tana da saƙo, ko yana zaune a gabanta, ni za ta cewa, "Gaya ma babanki." Shi ma haka ya saba. Tsakaninsu sai gaisuwar safe, yana durƙushe daga bakin ƙofa.

Kaka ta dawo, zafi ya tsananta, gajimare ya fara haɗuwa ta gabas. Shamuwa ta sauka a bishiyoyin unguwa, ta sauka a kukar bayan masallaci. Gidanmu shiru. Kullum da hantsi kaka za ta ce, "Ƙawata, ta zaka?" In ce ba ta zo ba tukuna. Baba ya ga abin zai yi tsawo, sai ya sayo sabon kwando mai kyau, ya lallaɓa ya ɗaure a wani reshe ta can gefen garka. Sau biyu na ga shamuwa ta yi shawagi a kansa ta wuce. Ko kallon arziki bai samu ba.

Daga nan kaka ta rage cin abinci. Ta daina yi mini gardamar kurciyoyi. Duk lokacin da ta ji takun baba, sai ta ɗaga murya ta ce wa iska, "Ko wani laihi niy yi ma bayin Allah, sun ka yi hushi da ni?" Baba ya sunkuyar da kai ya wuce. Ni kuwa tsoro ya kama ni sosai, don na ga tana ramewa a gabana, kuma na san da bakina a cikin abin da ke cin ta.

Ranar da aka yi yayyafin farko, ƙasa tana ƙamshi, baba ya shigo garka ya same mu. Ya durƙusa nesa kaɗan, ya daɗe yana tsinke ciyawa da yatsa. Can ya ce, "Inna, ni na sare reshen."

Na jira ta ce in gaya wa babana. Ba ta ce ba. Ta juya fuskarta sosai wajen da muryarsa ta fito, abin da ban taɓa gani ba.

"Na sani," in ji ta. "Tun ranar da nid dawo. Shekara nawa ina zama nan, rana ba ta taɓa ƙahwata da hantsi ba sai bana? Icce na, shina tohowa. Amma gida guda ku haɗa baki, har da 'yag ga, ku bar ni ina tambaya? Idanuna na sun ka mutu, ba ni ba."

Na fashe da kuka. Ta bar mu muka ji jiki, sannan ta ce ya sauke wancan kwandon na 'yan gayu, shamuwa ba ta yarda da sabon abu. Ta sa na ɗauko tsohon kwandon da take zuba audugar kaɗi, wanda hayaƙi ya baƙanta, gindinsa ya fara zarewa. Ta ce a zuba ƙirare kaɗan a ciki, a shafa masa toka, a ɗaura a inda reshe ya rabu biyu ta gefen gida, ba ta gefen garka ba. Wato dai a kan kwanon. Baba ya hau ya ɗaura da hannunsa.

A waccan shekarar lokaci ya ƙure, shamuwoyin sun sauka sau biyu ko uku ba su yi sheƙa ba. Amma kaka ta koma cin tuwonta, kuma daga ranar baba ya riƙa zuwa da kansa yana faɗa mata komai, har farashin albasa da ba ta tambaya ba. Da damina ta zagayo suka dawo suka zauna. Ta ji su da kunnenta, ta kuma ji kashinsu yana sauka tas a kan kwanon baba, ta yi dariya har da tari. Damina biyu ta ƙara a duniya.

Yanzu garkar babu ita. Bishiyoyin unguwa yawanci sun tafi murhu, shamuwa ma ba ta zuwa da yawa kamar da. Da 'yan bindiga suka taso danginmu daga Shinaka, a filin garkar aka yi musu ɗakuna, kuma ba wanda ya ji ciwon haka, mutum ya fi kuɓewa. Magini ya auna ya ce in aka cire tsamiyar, ɗakin ƙarshe zai fita sosai. Babana, wanda yanzu sai da sanda yake tashi, ya ce a'a, a dakata tukuna. Ya aika aka kira matar da za ta zauna a ɗakin, gwauruwa mai 'ya'ya huɗu, ya faɗa mata komai, ƙuncin ɗakin da warin da sharar, ya ce ita za ta zaɓa. Sai ta ce a garinsu ma akwai shamuwa a bayan ɗakinta, ba ta san wa ke ganinta yanzu ba.

In ka shiga gidanmu yau za ka ga wani ɗaki da bangonsa ya karkace ya kewaye bishiya. Baƙi suna ɗauka maginin ne bai iya aiki ba.