Tormod da Tafkin Baƙar Saniya

Kullum da sassafe Tormod Makaskil yakan ɗaura takalmi, ya jefa burodi a aljihu, ya shiga ruwan sama. Aikinsa tambaya. Masu zana taswira suna auna duwatsu amma ba sa jin yarenmu na Gelik, don haka shi ke bi gida-gida yana tambayar tsofaffi sunan kowane tafki da tudu. Yanzu gwiwoyi sun ƙi, ya ajiye aiki. Ni Dugal ban iya yabo ba, amma wannan ya cancanci yabo.

A nan ba a ba da suna tsirara. Sai ka zauna ka ci dankali da kifi mai gishiri, ka ji wanda ya raɗa sunan da wanda ya haife shi. Tormod bai taɓa mayar da kwano da saura ba. Ya fara aiki kamar sanda, ya gama kamar randa.

Dokar masu taswira, sai mutum uku sun yarda da suna kafin a sa shi. A kwarinmu tsofaffi uku muka rage, sauran jirgin ruwa ya kwashe su zuwa Kanada. Ni, da tsohuwa Peigi, da Murdo, wanda ya ci ragona ya ce kogi ya tafi da shi. Tun ranar na rantse, in Murdo ya ce gari ya waye zan kunna fitila. Shi ma haka.

Mai ƙasar, wani baƙo daga kudu, ya ce in ba mu haɗa baki a kan tafkin da ke bayan gidajenmu ba, a sa masa sunan karen farautarsa, Rover. Tafkin da uwata ta wanke ni a cikinsa!

Peigi ta faɗi nata. Ni kuwa ina jiran Murdo ya faɗa in saɓa masa. Murdo ma yana jirana. Tormod ya yi ta zarya tsakaninmu yana cin kifi, ba suna.

Ran Lahadi ya tare mu a ƙofar coci, gaban jama'a.

"Dattijo Dugal, kar ka ji kunya. Murdo ya ce tsufa ya kwashe maka sunan."

"Wa? Ɓarawon rago?"

"Ban ce ba!" in ji Murdo. "Amma da na ce, gaskiya ce."

Tormod ya juya. "Kai kuma, Murdo, an ce ba laifinka ba ne. Kakanka ba ɗan nan ba ne, ina za ka sani?"

Sai muka daka tsawa tare, kowa yana nuna ɗan'uwansa da sanda: "Loch na Bà Duibhe!" Tafkin Baƙar Saniya.

Peigi ta ce, "Uku ke nan. Ku koma ku ci gaba da gabarku, tsofaffin banza."

A wurinmu ran Lahadi ba a rubutu. Tormod ya riƙe sunan a ka har Litinin, ya kuma sha faɗan fasto saboda ƙarya a ƙofar coci. Ya sunkuyar da kai ya shanye.

Tormod, kai ne mai haƙurin zama da masu taurin kai. Kai ne ka hana kare hawa kan saniyar kakanninmu. Jikana a Kanada bai taɓa ganin ruwan nan ba, amma zai ɗora yatsa a taswira ya kira shi da sunansa. Na gode maka, kuma ban cika faɗin haka ba.

Ku matasa, ku yi kamar shi. Ku tambayi tsofaffinku tun suna da baki, ku cinye abin da suka zuba muku.

Murdo kuwa, a kan tafki muka yarda. Maganar rago tana nan.