Yanar da Ta Maƙale a Idon Mesa

Mesar ta ƙanena ce, autanmu. A wani shagon tsuntsaye da kifin ado yake aiki, mai shagon ya bar masa ita don ta daɗe ba ta cin abinci, ba mai saye. Ya shigo da ita ɗakinmu a unguwar Sa'alaba ta Jidda cikin akwatin gilashi. 'Yar ƙarama ce, in ta tsorata sai ta dunƙule kamar curin fura. Na yi faɗa har muryata ta dushe, shi kuwa sai dariya yake, wai daga ƙasashenmu aka kwaso ta, ita ma 'yar'uwa ce.

Bayan wata bakwai aka kama shi a hanyar aiki. Dukkanmu a Jidda aka haife mu, a nan muka binne iyayenmu, sai dai ni ina da kafili, ɗan ƙasa da ya tsaya mini, shi kuwa iƙamarsa ta daɗe da mutuwa. Aka sa shi a jirgi zuwa Kano, garin da bai taɓa gani ba, ya sauka gidan wani kawunmu. Aka bar ni da tabarmarsa da mesarsa.

Lalle nake yi wa mata. Da can su ke zuwa ɗakina, amma tun da labarin maciji ya zaga, kowace sai ta ce in same ta a gida. Maƙwabciyata ma, wadda muka saba shan shayin la'asar tare, a bakin ƙofa take tsayawa mu gaisa. In na dawo daga gidan biki da guɗa a kunnena, ba abin da ke tarbata sai ƙugin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Ruwa nake zuba wa mesar da dogon ludayi, abincinta kuma daga tsohon shagonsu nake karɓowa, in jefa mata ina kau da kai.

Wata rana na ga idanunta sun yi hazo-hazo. Bayan mako ta yi saɓa, amma gutsi-gutsi, ba a haɗe ba kamar yadda na saba gani a hannun ƙanena. Jikinta ya fito yana sheƙi, idon dama ya washe, na hagu kuwa ya zauna a dushe, da 'yar tamoji a kansa. Na ce shi ke nan, na makantar masa da ita.

Na sayo katin waya na kira gidan kawu, aka ba shi.

"Yaya, ina saɓar? Kin zubar?"

"Tana nan, Auta."

"Ɗauko wajen kan, ki ɗaga a haske. Maciji ba shi da fatar ido, wata yana ce ke rufe masa shi, kuma tare da saɓa take fita. Za ki ga biyu, kamar ɓawon kifi."

Na sa tsinke na baje guntun a bakin taga. Ɗaya na gani. Inda ɗayar ya kamata ta kasance, huda ce kawai.

"To ta maƙale a idon," in ji shi. "Mukayyif ne ya busar da ita, ki kashe shi."

Na ce ina da matsefata, kuma ya san hannuna ba ya rawa.

"La, la, wallahi kar ki taɓa! Ido za ki ciro." Ya juye Larabci, yana magana da sauri, yadda yake yi in hankalinsa ya tashi. Ya ce in jiƙa rigar matashin kai da ruwa mai ɗumi-ɗumi, in matse, in sa ta ciki in ɗaure baki na rabin awa, da kanta za ta goge. In ta ƙi, shi ke nan, a bari sai saɓa ta gaba, ko in kai ta wajen likitan dabbobi. Sannan ya ce, "Yaya, a nan in na yi Hausa dariya ake mini." A nan katin ya ƙare.

Ranar na fara taɓa ta. Na yi bisimilla ya fi sau goma. Ashe ba santsi gare ta ba, a bushe take, da nauyi kamar damtsen jariri. Na sa ta a rigar matashin, na ɗora a cinyata, ina jin tana juyi a hankali. Ɗakin ya ɗau zafi, gumi na bin bayana. Na kwance na duba, yanar na nan. Washegari ma haka.

A rana ta uku da hantsi na fito da ita, sai ga ido baƙi wuluk yana ƙyalli. Na juya rigar na bi ɗinkin da yatsa har na same ta, 'yar ƙwarya mai garai-garai, ba ta kai ƙwayar gero biyu ba. Na miƙe da ita a tafin hannuna har bakin ƙofa. Lungun ba kowa, ƙofar maƙwabciyata a rufe. Na koma na zauna.

Na sake kiran Kano, matar kawu ta ce ya fita tun safe, yanzu ba ya zaman gida. Sai bayan kwana tara muka yi magana. Na ce masa ido ya washe.

"Wane ido?" Sai kuma ya ce, "Af, alhamdulillahi. Sannu, Yaya." Ya shiga ba ni labarin wani mai sayar da kaji da ya ɗauke shi aiki, har ya fara gane hanyar kasuwa shi kaɗai. Na taya shi murna, kuma har zuciyata na yi.

Shekara uku ta ƙara a wajena. Kowace saɓa nakan baje kan a taga in nemi biyun nan, kuma ba ta sake maƙalewa ba. Da na tashi komawa unguwar Bani Malik, mai sabon gidan ya ce shi ba da maciji ba. Na kai ta shagon da ta fito, na gaya wa mai shagon kar ya ajiye ta kusa da mukayyif. Ya ce to, yana sallamar wani mai sayen tsuntsu.