Tsohuwa Mai Duba Cikin Riga

A jirgin ƙasa mai zuwa Al Rayyan, cikin hayaniyar 'yan kallon Kofin Duniya, Wasilatu tana zaune kusa da wata tsohuwa Bafaranshiya. Siririya ce, kanta fari fat, baƙar kwat ɗinta ta kwana biyu amma ta zauna mata cif. Ba ta kallon fuskoki, kafaɗun riguna take bi da ido, yatsunta suna motsi kamar da allura a hannu. Wasilatu ta raya a ranta, wannan tun tana yarinya take tsara tufafi a Paris, bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da yadi ke wuya.

Can sai tsohuwar ta yi murmushin neman izini, ta juya bakin hannun rigar Wasilatu, tana shafa ɗinkin ciki.

"Wannan aikin hannu ne, ba keke ba," ta ce da guntun Turancinta. "Wa ya ɗinka?"

"Mmata, mahaifiyata, a Kumasi. Ta rasu lokacin korona, ina nan ƙasar, ba jirgin komawa gida."

Tsohuwar ta mayar da hannun rigar a hankali.

"Ba ta yi miki gaggawa ba, ko a inda ido ba ya kaiwa."

Duk daɗewar rigar a jikinta, Wasilatu ba ta taɓa duba cikinta ba sai yau.