Malam Ummaru Ba Ya Dangwale

Duk wanda ya san Malam Ummaru mai hatsi ya san kurtun tawadarsa. Ni da shagona ke jikin nasa a kasuwar Sakkwato, ban taɓa ganin biro a hannunsa ba. Ko a banki, sai ya zaro alƙalamin kara, ya tsoma, ya sa hannu da ajami, sannan ya hura. Reshen yana bakin kasuwa, kuma akawunsa ya iya ajami, shi ya sa suka zauna lafiya.

Sai kuɗin fetur suka zo, gwamnatin soja ta ce a gyara tsarin bankuna. Aka rufe reshenmu, aka haɗe shi da babba can sabon titi, aka buɗe wani reshe wajen jami'a. Mu 'yan kasuwa ko oho! Tsohon ginin ma mai saida rediyo ya kama shi.

Sati guda Malam yana zuwa tsohon wurin yana sallama. Na ce, "Malam, banki hwa ya tashi."

Ya ce, "Ni na tashi? Su sunka yi ƙaura babu bankwana. Su zo su iske ni inda sunka bar ni."

Da ba su zo ba, ya ɗauki sanda. Na ce mu shiga tasi, ya ce, "Su ka gudu, ni ka biyan mota?" Haka muka taka cikin ranar nan, ina bin sa ina tsinar kaina.

Muka tarar da sabon akawu, wai shi Sanusi, an kawo shi daga Kano. Malam ya sa hannu, ya hura. Sanusi ya duba takardar, ya juya ta sama a ƙasa, sannan ya turo tawadar yatsa.

"Baba, dangwala nan. Haka muke wa waɗanda ba su iya rubutu ba."

Mutumin da manya ke ɗaukar karatu a zaurensa a unguwar Minanata, yau za a rubuta shi cikin jahilai!

Malam ya ce, "Ɗana, karanta abin da na rubuta."

"Ban iya wannan ba, Baba."

Sai Malam ya tura masa tawadar. "To kai ka dangwalawa. Shaida ce ba ka iya karatu ba."

Layi ya ɗauki dariya, har wani soja da ke bayanmu. Sanusi ya ce doka ce, Malam ya ce yatsansa ba alƙalami ba ne.

Kullum da hantsi ya taka ya je, ya sa hannu, a ƙi, ya dawo, ƙafafu a kumbure. Na ce, "Don Allah dangwala mu huta." Kwana uku bai amsa gaisuwata ba. A ƙarshe manaja ya gaji, ya sa aka tono katinsa na tsohon reshe, aka gwada hannu, ya yi daidai. Malam ya dubi Sanusi ya ce, "Zaurena bayan la'asar. Ka taho da allo."

Mun ɗauka raha ce. Ashe Sanusi ya je.

Ranar da Malam ya rasu, Sanusi ya zo gaisuwa, furfura ta fara masa. Ya nuna mini takarda, ya rubuta sunan Malam da ajami, layi miƙe. Ya ce, "Shi ya koya mini." Nan na kasa riƙe hawaye.

Allah ya jiƙan Malam Ummaru, ya miƙa masa littafinsa a hannun dama. Na san da kansa zai karanta.