Ganyen da Aka Bar wa Inna Tursunoy

Duk wanda ya bi ta layinmu a garin Nurata da hantsi ya san tagar nan mai shuɗin fenti. A bayanta Inna Tursunoy ke zama, shayinta na hucewa a gefe, farin ƙyalle a kan cinya, alƙalamin kara a hannu. Ba ta awo, ba ta duba hoto. Sai dai ta tsoma karan a tawada ta ja, ka ga rumman ya fito, ka ga reshe ya lanƙwasa ya nemi ɗan'uwansa. Daga nan matan unguwa su zo su karɓi ƙyallen su bi zanen da zaren alharini, ya zama suzani, irin wanda ake shimfiɗa wa amarya a gado. Na gadon aurena ita ta zana, haka na babbar yayata. Kowa yaba mai ɗinki yake yi, ban taɓa jin an tambayi wanda ya yi zanen ba.

Ina rubuta wannan ne gabana na faɗuwa, kuma zan faɗi dalili.

Shekarun baya wata matashiya mai suna Zebo ta zo daga Tashkent. Sana'arta ƙawata ɗakunan otel da gidajen masu hali, kuma a lokacin, ita da bakinta ta faɗa, duk ɗakin da ta taɓa sai ya fito ruwan toka kamar ofishin likita. Tsofaffin suzani ta zo saye. Ta shiga ɗakin Inna ta sha shayi, sai zuwa ya ƙi ƙarewa, har ta fara gwada zane a gabanta. Inna ba ta iya koyarwa ba, zolaya ta iya.

"Wannan rumman ne ko albasa, 'yar birni?"

"Rumman ne mana, Inna."

"To Allah ya ba shi lafiya."

A haka dai hannun Zebo ya saki, launi ya shiga aikinta. Bara ta yanke shawarar fitar da kayan gida da sunan shagonta: rigunan filo, labule, mayafin tebur, da babban zanen gado guda da za a rataye ranar buɗewa. Inna ce mai zane, matan layinmu masu ɗinki.

Ana tsakiyar aiki maƙwabta suka lura Inna na sunkuyawa har hancinta ya kusa taɓa ƙyalle. Idonta na hagu dama ya daɗe da mutuwa, yanzu na dama ya fara rufewa daga gefe. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma bai yi alkawarin komai ba. Matar da ta binne miji ba ta yi kuka gaban mutane ba, ita ce ta kama hannuna a ƙofa ta ce, "Ina jin tsoro, ƙanwata. Ba mutuwa nake tsoro ba. In zauna a tagar nan ban san ko gari ya waye ba."

Duk da haka ba ta ajiye kara ba. Ta ce matan layi sun bar wasu ayyuka saboda wannan, ba za ta bar su da farin ƙyalle a hannu ba. Ta gama na filo, ta gama na labule, idon na zubar da ruwa tana gogewa da bakin mayafi.

Kowa a nan ya san ba a kammala suzani. Ana barin ganye ɗaya ko ɗan fure ba a cike ba, don kada aiki da biki su ƙare a gidan, 'ya ta zo ta ɗora. Da Zebo ta zo karɓar babban zanen gadon, ta warware shi a tsakar ɗaki, sai ta tsaya cak. Kusurwa guda fari fat.

"Inna, ganye ake bari. Wannan ai gona guda kika bari!"

"Ba bari na yi ba. Can ɗin ba na gani." Ta miƙo mata karan. "Ungo."

Zebo ta ja da baya, ta ɓoye hannuwanta. Ta san abin da muka sani duka, mai zane ba ta miƙa karanta ga wata sai ta gama da shi har abada.

"Wallahi ba zan karɓa ba. Ki je a yi aikin ki dawo ki ƙarasa kayanki."

"In kuma ban dawo da ido ba fa? Ki rataye wa mutane rabin gado? Karɓi, hannuna ya gaji."

Ina wurin, na ga Zebo ta karɓi karan, har ɗigon tawada ya faɗa mata a siket. Ta durƙusa ta fara ja. Inna ta matso ta kwantar da kunci kusa da ƙyallen, tana bin layin da ɗan hasken da ya rage mata. Rumman ɗin Zebo ya fito siriri, ba irin na Inna ba, amma ya zauna a wurin kamar dama nasa ne.

"Ya fi albasa," in ji Inna. "Ƙarasa, ga reshe can tsirara."

Zebo ta bar ganyen reshen ba ta zana ba, ta goge bakin karan, ta mayar mata da shi cikin tafin hannu, ta naɗe yatsunta a kai.

"Aro na yi, Inna. Wancan ganyen naki ne. Ba mai zana shi, ba mai ɗinke shi, sai kin dawo."

Inna ta riƙe karanta.

An buɗe shagon a Tashkent, kaya sun karɓu, kuma a jikin kowane filo akwai ɗan ƙyalle da aka ɗinka sunan mai zane. Zanen gadon na rataye, Zebo ta ce ba na sayarwa ba ne. Inna ba ta je ba. An yi mata aikin, tana kwance a gidan ɗiyarta a Samarkand, idon a ɗaure, ba a kwance ba tukuna. Ko waya ta yi ƙara a layinmu sai mun kalli juna.

Inna Tursunoy, ke ce mai zanen da zare ke rufewa. Gadajen aurenmu duka hannunki ne a ƙarƙashi, muka kwana a kai ba mu ce an gode ba. Yau mun ce. Allah ya saka miki, ya mayar miki da ganinki. Ku kuma masu karatu, in kuna da irinta a unguwa, ku je ku zauna kusa da ita ku koya tun tana ganin fuskarku.

An ce 'ya'ya sun yi ta mutuwa a hannun mahaifiyarki kafin ke, shi ya sa ta sa miki Tursunoy, wato ki tsaya, kada ki tafi. Kin ji maganarta wancan karon. Ki ji tamu yanzu, Inna. Tagarki a buɗe muka bar ta, kuma akwai reshe a Tashkent da ba shi da ganye.