Ɗanmaliki da Ƙofar Akurki

A kasuwar Rogo, daura da inda 'yan acaɓa ke tsayawa, nan rumfar Ɗanmaliki mai gyaran rediyo take. Wajen kawunsa ya koyi sana'ar, kuma ba laifi yana taɓawa. Sai dai abin da aka fi saninsa da shi daban ne: tunda yake, ba a taɓa jin ya ce bai san abu ba. Ko guntun ƙarfe aka tsinto a titi, sai ya juya shi, ya shinshina, ya faɗi ƙasar da aka ƙera shi.

Wata ranar kasuwa sai ga Inno Tasalla, ƙanwar mahaifiyarsa, ta taso daga garinsu da ake kira Turawa tare da 'yarta Na'ima, malamar firamare. Inno na rungume da wani koren allo mai faɗin faifai, duk jikinsa siraran wayoyi. Marigayi mijinta ya yi masinja a wani kamfanin gyaɗa a Kano, da aka zubar da tsohuwar na'urar ofis mai girman kabad, sai ya tsinto wannan. Tun daga nan shi ne ƙofar akurkin kajinta. Yanzu wani ɗan gwangwan mai sayen tsofaffin ƙarafa ya dame ta sai ta sayar masa, shi ne take son ta san abin da ta mallaka.

Bayan an gaisa, an tambayi mutanen gida da shanu, Ɗanmaliki ya karɓa ya shinshina. Warin kaji ya buge shi, amma ya daure.

"Inno, ai wannan na jirgin sama ne. Nan direba yake taka birki."

"Jirgi a ofishin gyaɗa, ɗan nan?"

"To da me kike zaton ake kai gyaɗar Turai?"

Na'ima ta matso kusa. Ta ɗauki hoton allon da wayarta, ta tura wa wani zauren intanet na tsofaffin Turawa masu sha'awar kwamfutocin da. Kafin la'asar amsa ta zo: ma'ajiyar bayanai ce ta wata kwamfuta ta shekarun saba'in, kuma ƙananan zobban da ke jiki da hannu aka zura su a waya. Inno ta duba ta ce saƙar ba ta yi mata kyau ba.

Saura wane kamfani ya ƙera. Tsofaffin suka ce a duba lambar da ke kusurwa. Kashin kaji ya bushe a kai, Ɗanmaliki ya sa sukudireba ya kankare shi tas, har da lambar.

Nan fa rigima ta ɓarke a zauren. Wannan ya rantse na kamfani kaza ne, wancan ya ce shi ya yi aiki da irinta tun na farkon yana goye. Ɗaya ya yi fushi ya fita. Duk yamma Na'ima takan kira ta fassara wa Ɗanmaliki, shi kuwa daɗi kamar ya kashe shi, ya sami 'yan'uwa. Ya sa ta tura musu batun jirgin. Wani tsoho ya amsa cewa ba za a kore yiwuwar hakan ba.

Ɗanmaliki ya rataye allon a gaban rumfa. Duk wanda ya tsaya, sai ya ce masa aikin Turawa ne, su suka kawo a duba musu. Ba wanda ya iya ƙaryata shi, tunda daga garin Turawan aka kawo.

Kasuwa ta zagayo, Inno ta dawo ranta a ɓace. Ta sa wa akurkin guntun kwano a madadin ƙofa, kajin sun ƙi shiga, kan darbejiya suke kwana, har muzuru ya ɗauke mata ɗaya.

"Inno, duniya fa na nazarin abin nan."

"Duniya ta zo gida ta yi nazarin, tabarma ba ta ƙare ba."

Ta sauke allonta, ta naɗe shi a mayafi, ta hau acaɓa. Da magariba kajin suka shige akurki ba wanda ya kora su.